Shekarar da Na Ɓoye wa Dada Mutuwa

Azumin bana ƙanena Sadiƙu ya fara gwada ƙarfinsa. Kullum kafin azahar sai ya kwanta a kan simintin tsakar gida, ya baje hannuwa, ya ce a yafe masa duk abin da ya yi wa mutane, shi kam ya tafi. Yaron da fanka ke juyawa a kansa, ga ƙanƙara tana jiran sa a kula! Na tsaya a kansa na ce, "Tashi, malam. Kai ba ka ga azumi ba. Azumi an yi shi an gama tun shekarar korona, wannan na yanzu ragowa ne."

Ya ce in ba shi labari. Na ƙi, don in na fara raina ɓaci yake yi. Amma tun ranar abin yake ta yi min yawo a kai, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na huta.

Shekarata goma sha biyu a lokacin, kuma shi ne azumin farko da na ƙudura zan kai shi har ƙarshe. Sai ya faɗo a tsakiyar bazara. Rana ta riƙa fitowa kamar akwai tsohuwar gaba tsakaninta da mutanen Gombe. Ƙadangaru suna tafiya a kan katanga suna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan randa yakan yi ɗumin da za ka iya dama koko da shi. Wata rana na manta silifas ɗina a rana, da na dawo na tarar ya lanƙwashe kamar soyayyen kifi. Wuta kuwa takan leƙo ne kawai ta ga ko muna nan da rai, ta koma.

A cikin wannan zafin aka rufe makarantu, aka hana taro, aka rufe iyakar jiha. Babana direba ne, Gombe zuwa Kano yake yi. Motarsa ta zauna a ƙofar gidanmu a Madaki, an lulluɓe ta da tampol, kajin Mama suka tare a ƙarƙashinta. Nama ne ya fara yi mana sallama. Madara ta bi shi. Ƙosan buɗa-baki ya riƙa ƙanƙancewa, har ya kai in ka yi atishawa kusa da faranti sai an bi shi da gudu. Sahur kullum tuwon masara ne da miyar kuka, miyar kuma tana ƙara tsinkewa har kana hango fuskarka a ciki. Keken ɗinkin Mama ne ya riƙe gidan. Ta riƙa ɗinka takunkumi da guntayen atamfa, ni ina saka roba, maƙwabta suna saya. Ruwan da 'yan ga-ruwa ke kawowa kuwa rabinsa a wanke hannu yake ƙarewa. Kana jin ƙishi kamar maƙogwaronka zai tsage, ga ruwa yana zuba a hannunka sau ashirin a rana, ba damar ko lasa.

Da Baba ya rasa motar tuƙawa, sai ya koma tuƙa mu. Kowace safiya zai zauna a zaure da rediyo a kunne yana jiran a karanta adadin waɗanda suka kamu jiha-jiha. Ya samo alli ya ja layi uku a bangon zauren: waɗanda suka kamu, waɗanda suka warke, waɗanda suka rasu. Ranar da aka ƙara wa Gombe, ko kaza ba ta isa ta yi kuka a gidan ba. Ranar da ba a ƙara ba, sai ya ce ai ba su gama ƙirgawa ba ne. Ko ta wane gefe adadin ya faɗo, mu ne a ciki.

Duk wannan tsoron saboda mutum ɗaya ne: Dada, mahaifiyarsa. Bafulatana ce siririya, ga asma ga hawan jini, kuma rediyo kullum cewa yake irinta cutar take nema. Matsalar ita ce Dada ba ta zama. Biki ba ya gabanta, suna ma sai ta ga dama. Amma ta'aziyya, ko a bayan gari aka yi rasuwa, ko sau ɗaya ta taɓa gaisawa da mamacin a layin asibiti, sai ta je. Tana da mayafi na musamman don haka, da takalmi na musamman. Takan riga 'yan uwan mamaci isa gidan.

Ran nan Baba ya shigo da alli a hannu, fuska a murtuke, ya ce, "An ƙara mana. Har da rasuwa."

Dada ta ajiye carbi. "Inna lillahi. Wane ne?"

"Ba a faɗin suna, Dada. Adadi kawai ake bayarwa."

"Wace unguwa?"

"Ba a faɗa."

"Mace ko namiji?"

"Dada, don Allah."

"Kai, Buba! Mutum ya rasu a garin nan, a ce ba shi da suna, ba shi da unguwa? To ina za a je gaisuwa, gidan rediyon?"

A ranar Baba ya kira ni bayan mota, ya rage murya kamar za mu yi juyin mulki.

"Adama, ke ce mai riƙe mata waya, ko?"

Na ce ni ce. Dada ba ta iya danna waya ba, ni nake ɗauka in kara mata a kunne.

"Daga yau, in haihuwa ce ki faɗa mata. In rasuwa ce ki kawo min, ki rubuta sunan. In cutar ta wuce sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. In tsohuwar nan ta fita ta shiga taro, ba za ta dawo ba. Kin ji ni?"

"In ta gane fa, Baba?"

"Ni na sa ki. Ba ruwanki."

A riƙe wannan maganar da kyau. Ni ma na riƙe ta, ba ta amfane ni da komai ba.

Gaskiya da farko na ji daɗin aikin. In waya ta yi ƙara na ji an fara da salati, sai in zagaya bayan ɗaki in karɓi saƙo, in dawo in ce masu tallar waƙa ne. In rediyo ya zo wajen sanarwar rasuwa, batir yakan mutu nan take, don yana aljihuna. Babban abokin gabana shi ne lasifikar masallacin unguwa. Bayan azahar, da na ji ladan ya gyara murya ya ce "Inna lillahi," sai in ruga in rungumi taɓarya in hau dukan turmi. Turmin babu komai a ciki. Ga azumi, ga rana, gumi yana shiga min ido, ina ta luguden iska.

"Ɓingel," in ji Dada, don haka take kira na, wato yarinya, "me kike dakawa?"

"Motsa jiki ne, Dada. An ce yana korar korona."

"Uwarki ta sa ki daka barkono jiya kin ce hannunki na ciwo."

"Ya warke."

Sunayen kuwa a bayan littafin makarantata nake rubuta su. Tsohon mai gyaran agogo na bakin kasuwa. Wata Hajiya a Kumbiya-Kumbiya. Mahaifin mai kawo mana ruwa. Kafin azumi ya raba, shafi ya cika na juya. Abin da ya riƙa ɗaure min kai shi ne layin Baba na uku a bango da ƙyar yake motsi, nawa kuwa gudu yake yi. Ban ce korona ce ta kashe su ba. Zafin bazara ma kowace shekara yana ɗibar tsofaffi. Na tambayi Baba, ya ce na rediyo waɗanda aka gwada ne. Na ce to nawa fa? Ya ce in je in wanke hannu.

Sai aikina ya yi kyau fiye da kima. Wata yamma muna jiran kiran salla, kowa ya zuba wa kofin kunu ido, Dada ta ce, "Ikon Allah. Tun da cutar nan ta shigo, mutane suka daina mutuwa a Gombe. Kusan wata guda ban ji rasuwa ko ɗaya ba. Wannan cuta ce ko magani?"

Mama ta shige kicin da sauri, kafaɗunta suna rawa. Baba ya kama tari.

"Tun da haka ne," Dada ta ci gaba, "gobe zan leƙa kasuwa in ga Saratu."

Mama Saratu ƙawarta ce, Kirista ce 'yar Tangale, mai sayar da daddawa. Sun fi shekara talatin rumfarsu na jingine da juna a Kasuwar Gombe, kafin ƙafa ta sa Dada ta daina zama. Tare suke zuwa ta'aziyya, ta Musulmi da ta Kirista, suna tafe suna faɗa a kan wadda ta fi wata tsufa. Ita ta goyi Baba yana jariri in Dada na ciniki. Da ƙyar Baba ya lallashi Dada a kan ta bari sai bayan salla.

Ana cikin goman ƙarshe sai 'yar Mama Saratu, Anti Rifkatu, ta kira. Ta ce mahaifiyarta na fama da zazzaɓi da tari, tana so ta ji muryar Dada. Na ruga wajen Baba. Ya dubi layukan allinsa a bango.

"In ta ji tarin nan a waya, ko ɗaure ta muka yi sai ta fita. Ki ce tana barci. In jikin ya yi sauƙi sa yi magana."

Na ce tana barci. Washegari aka sake kira, na ce tana barci. Dada kuwa tana zaune a gabana tana tsince shinkafa.

Kwana na uku da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar. Iska ta ɗebo ledojin Madaki kaf ta juye mana a tsakar gida. Sai ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu zafi da farko, sannan masu sanyi. Ƙasa ta tashi da wannan ƙamshin da ke sa mai azumi ya ji kamar ya ɗebi yashi ya ci. Muka fito da bokitai da tukwane da baho, har da butar alwala. Mama tana dariya, Baba ya tsaya a cikin ruwan da rigarsa, Dada ta miƙo ƙafafunta daga bakin ƙofa tana ta hamdala. Rabon da in ga gidanmu haka tun kafin a rufe makaranta.

Wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na shige zaure.

"Adama," in ji Anti Rifkatu, "ki gaya wa Dada, Mama ta tafi."

Da na gaya wa Baba, sai ya cire hularsa da ta jiƙe ya riƙe a hannu. Na ce, "Wannan kam sai an faɗa mata."

"Wannan ce ma ba za a faɗa ba. Tari ne fa, Adama. Gidan za ta je ta kwana uku."

"Baba, Mama Saratu ce!"

"Na fi ki sanin ko wace ce. Rubuta."

Na rubuta. Shi ya je shi kaɗai ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa. Washegari ya zauna da rediyonsa da allinsa. Aka karanta jihohi, aka zo kan Gombe. Layi na uku bai motsa ba. A gida ta rasu, ba a gwada ta ba, aka kai ta ƙauyensu aka binne. Na tsaya ina kallon bangon nan, na ji kamar in ɗebo ruwa in wanke shi tas. Mace guda da kowa ya sani a kasuwa, mai dariyar da ake ji tun daga layin 'yan tumatir, ta tafi, bango bai sani ba, Dada ba ta sani ba, sai ni da bayan littafina.

Daga ranar na daina jin daɗin dukan turmi. Amma ban daina duka ba.

Salla ta zo ba armashi. Baba ya hana kowa zuwa ko'ina, ɗinki babu, sai tsofaffin kaya da Mama ta goge. Aka kama ɗaya daga cikin kajin ƙarƙashin mota aka yanka. Dada da kanta ta tsaya a kan miyar. Da aka sauke, ta ɗauko samirarta mai murfi, ta zuba shinkafa, ta zaɓi cinya guda da ƙundu ta ɗora, ta ɗaure da ɗankwali.

"Ɓingel, kai wa Saratu. Ki ce mata tsohuwa ta gaishe da wadda ta fi ta tsufa."

Duk salla haka ake yi, kamar yadda duk Kirsimeti tuwon Mama Saratu yake zuwa mana. Mun shirya wa waya, mun shirya wa rediyo, mun shirya wa lasifika, ba wanda ya tuna da samira. Na kalli Baba. Baba ya ga wani abu mai muhimmanci a sararin sama. Na kalli Mama. Ta sunkuya tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

"Sa takunkumi ki kai," in ji Baba, bai kalle ni ba.

Haka na ɗauki abincin salla a kai, daga Madaki har Kumbiya-Kumbiya, zan kai wa matar da ta kwana takwas a kabari.

Anti Rifkatu ta karɓa, ta buɗe, ta ga cinya da ƙundu, sai hawaye. Ta ce, "Ya jikin Dada? Babanki ya ce ko tashi ba ta iya yi."

Dadar da ta zagaya tsakar gida sau biyu da safen nan tana bin kaza! Na buɗe baki zan ƙara wata ƙaryar, sai na ji ta ƙare min. Na gaya mata komai, har da barcin. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta juye abincin, ta wanke samirar, ta miƙo min.

A hanya na tuna wata masifar. Mama Saratu ba ta taɓa mayar da kwano haka nan ba. Kullum sai ta saka curin daddawa guda uku, kowanne ta danna masa babban yatsanta a tsakiya, alamarta ke nan da duk kasuwa ta sani. Da na iso gida na lallaɓa ta bayan kicin, na buɗe gwangwanin Mama, na ɗebi daddawa na mulmula guda uku, na danna wa kowanne yatsa. Har na ja baya na duba aikina na yaba wa kaina.

Dada ta buɗe samirar. Ta ɗauki curi ɗaya ta juya shi. Ta kai hanci. Sannan ta saka babban yatsanta a ramin, bai shiga ba.

"Yaushe yatsan Saratu ya koma na yara?"

"Ta rame ne, Dada."

Wallahi haka na ce. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

"Miƙo hannunki."

Na miƙa. Ta kama babban yatsana ta ɗora a ramin, ya zauna daram. Ta shinshina shi.

"Yaushe?" in ji ta.

"Kwana takwas."

"Ta neme ni?"

Na kalli Baba. Wannan karon ma sama yake kallo.

"Sau biyu. Na ce kina barci."

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafin nan da takalmin nan. Baba ya riga ta zuwa zaure ya tare ƙofa, yana cewa cutar nan, asmarki, taro, tari. Ta tsaya har ya gama.

"Buba, matar da ta goye ka. Matsa."

Ya matsa. Ya roƙe ta ta saka takunkumi, ta saka. Ya ce ta bari ya kai ta a mota, ya yaye tampol, kaji suka watse, mota ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Kafin ya buɗe gaban motar Dada ta kai ƙarshen layi. Haka muka bi ta a ƙafa, ita a gaba, Baba a baya da robar man wanke hannu yana miƙawa, ni a bayansa ɗauke da tabarmarta.

Kwana uku ta yi a gidan. Da ta dawo, Baba ya bar bangon zaure ya koma ƙirga kwanakinta, sha huɗu cif, yana laɓe a bakin ƙofarta yana sauraron numfashi. Sau ɗaya ta yi tari, yaji ne ya sarƙe ta, Baba ya kusa suma. Ba abin da ya same ta. Ko sa'a ce, ko cutar ma tsoronta ta ji, ban sani ba. Ban kuma sani ba ko Baba ya yi daidai. Wataƙila waɗancan makonnin da muka tsare ta su ne suka bar mana ita. Ba wanda zai iya gaya min, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi.

Abin da na sani shi ne yadda aka raba laifi. Baba ya durƙusa ya ba ta haƙuri, kafin magariba an gama da shi. Ta ce ɗanta ne, tsoro ya ji. Na matso ni ma na durƙusa, na ce ai umarni aka ba ni, har an ce ba ruwana.

"Shi tsoro ya ji," in ji Dada. "Ke kuwa daɗi kika ji. Na ga fuskarki a kan turmin nan."

Kuma ba ƙarya ta yi ba.

Ta karɓe wayarta a ranar. Matar da ta shekara goma tana cewa ita ba za ta iya da wannan abin ba, cikin mako guda ta koyi danna kore da ja. Yanzu shekarata goma sha takwas. Ta yafe min, ta faɗa da bakinta, tana ba ni nama daga kwanonta, muna tsokanar juna kamar da. Amma labari ko na sisin kwabo ba ta karɓa daga bakina. In na ce mata an ga wata, sai ta aika a tambayo maƙwabta. In na ce baƙi sun zo, sai ta ce su yi sallama ta ji.

Daminar da ta wuce na shiga ɗakinta a jiƙe sharkaf, ruwa yana ɗiga daga hijabina, kwanon rufi yana ƙara kamar zai tsage. Na ce, "Dada, ana ruwa, a shigo da shanyarki?"

Ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta tashi a hankali, ta dafa bango, ta buɗe taga, ta miƙa hannu waje.